Bonet ɗin Yaya da Mazagin Tela

"Wai don Allah, duk layin nan babu wanda ya san yadda ake buɗe bonet in waya ta tsinke?"

Amarya tana durƙushe a tsakar ɗaki tana zuge bakin jakarta, tambayar ta shigo mata ta taga. Muryar Mai Aski ce, maƙwabcinsu, wanda shagonsa ke manne da na mijinta. Ta kuwa san wanda zai amsa.

Ai kuwa bai gama rufe baki ba ta ji keken ɗinki ya tsaya cak.

"Wa ke cigiyar masani ga ni zaune?"

Mijinta ke nan, Tela, wanda duk unguwa ke kira Na-Sani, saboda tun da ya iya magana ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba. In ana hirar jirgin sama ya sani, in ana hirar ciwon haƙori ya sani, har ranar da akuyar wani ta kasa haihuwa shi ya tsaya a kanta yana ba ta umarni.

Wata takwas ke nan da aka kawo Amarya gidan, kuma tun ranar ba ta sa mahaifiyarta a ido ba. Sati uku da suka wuce Inna ta zame a bakin famfo ta karye a ƙafa, kullum aka yi waya maganarta ɗaya ce: "Auta fa, yaushe za ta zo?" Ga shi Amarya tana da ƙaramin ciki, Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifin Tela da ke zaune tare da su, ta rantse ba za a jefa ta motar haya ba a hanyar nan mai ramuka. Shi ya sa yayan Amarya, wanda ke ba da magani a wani asibiti, ya roƙi hutun kwana ɗaya rak, ya taso tun da asuba da tsohuwar motarsa don ya ɗauke ta. Tafiyar awa huɗu ce. Yaya kuma yana da dundumi, rana na faɗuwa ba ya bambance titi da kwata. In ba su tashi kafin ƙarfe biyu ba tafiya ta fasu, hutunsa na gaba kuwa sai bayan wata uku.

Da isowarsa ya ga allurar zafi ta hau, ya ce bari mota ta huce ya ƙara mata ruwa. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya ja mariƙin buɗe bonet, sai mariƙin ya biyo shi a hannu. Wayar kuma ta shige cikin baƙar robar da ke lulluɓe da ita, ta ɓace.

Amarya ta yafa mayafi ta fito, ta raɓe a bayan ƙyauren ƙofar gida inda take ganin komai ba a ganinta.

Na-Sani ya fito daga shago, tef ɗin awo rataye a wuya, alli a bayan kunne. Ya zagaya motar sau biyu kamar mai taya saniya.

"Yaya, kwantar da hankalinka. Ka kawo kuka gidan mutuwa."

"Gidan mutuwa kuma?" in ji Yaya.

"Ina nufin ka zo inda ya dace."

Mai Aski ya ce, "Na-Sani, a kira Makanike mana. Ga shi can bayan kasuwa, minti goma ya iso."

"Wane makanike? Wanda ya ce wandon da na ɗinka masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Na ce masa ƙafafunsa ne ba daidai ba, ya je ya auna. Mutumin da bai san tsawon ƙafarsa ba, shi zai san cikin mota? Ni nan da kake gani, shekara biyu tsohon shagona yana kallon gareji. Hanya bakwai ake buɗe bonet in waya ta mutu. Bakwai! Makaniken naku uku ya sani."

Gwaggo, da ta riga ta fito da kujerarta ta kafa a inuwar katanga, ta ce, "Ni ma shekara goma ɗakina yana kallon asibiti. Ka taɓa jin na yi wa wani allura?"

"Gwaggo, ki bar maza su yi aiki."

"To ina mazan? A kira su mana."

Yaya mutum ne mai kawaici, ga kuma nauyin mijin ƙanwa. Ya duba agogo, ƙarfe goma saura. Ya ce, "To, Tela, bismilla. Amma a hankali don Allah, ita kaɗai gare ni."

Na-Sani ya shige mota ya fara jan duk abin da hannunsa ya taɓa. Ya ja na farko, but ya buɗe a baya. Ya ja na biyu, murfin tankin mai ya yi tsalle. Ya ja na uku, kujera ta zame da shi baya har ƙafafunsa suka ɗaga sama.

"Gwaji nake," ya ce daga kwance. "Ba a yanka yadi sai an auna."

Ya aika aka ɗauko masa almakashi da filaya. Ya zura tsinin almakashi cikin bakin robar yana zungura, wai zai ƙwaƙulo wayar. Daga inda take Amarya ta ga abin da ke faruwa: duk zungura ɗaya, wayar ƙara shigewa take. Ya yar da filayar a kan tabarmar mota ya fito yana karkaɗe hannu.

"Hanya ta ɗaya ta nuna mini inda ciwon yake. Sakatar ce ta cije. Sai an danna bonet ɗin da nauyi ta saki. Ina Mai Shago?"

Mai Shago mutum ne da in ya shiga ƙofa sai ya karkace. Ya fito yana goge hannu, ya ce shi fa ba ya son rigima.

"Zama kawai za ka yi. Aikin da ka fi iyawa."

Mai Shago ya ɗosana mazaunansa a gaban mota. Motar ta yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa. Aka ji wani ɓam! Da ya tashi, tsakiyar bonet ta lotsa, ta yi zurfin da za a iya ba kaji ruwa a ciki.

Yaya ya dafe kai. "Inna lillahi!"

"Ba lotsawa ba ce, Yaya, ƙarfe ne ya saki jiki. Alama ce mai kyau."

Mai Aski ya ce, "In ya ƙara sakin jiki sau ɗaya sai dai a sayar da ita a kan sikeli."

"Kai dai tsaya ga ƙeyar mutane. Hanya ta uku!"

"Ta biyu fa?"

"Ita ce Mai Shago."

Ya koma shago ya zare rigar wani daga hangar ƙarfe, ya miƙar da hangar, ya lanƙwasa bakinta ta zama ƙugiya. Ya durƙusa gaban mota, ya rufe ido ɗaya kamar mai zura zare a allura, ya tura ƙugiyar ta cikin ragar gaba.

"Sakatar tana nan daidai tsakiya. Ka kama ta, ka ja gefe, shi ke nan. Yaro ma zai iya, in ya samu mai koya masa. Yawwa! Na kama ta. Ku matsa, kar bonet ya bugi wani."

Aka matsa. Ya ja.

Hon ɗin motar ya ɓarke da kuka.

Bai tsaya ba kuma. Kuka yake yi ba numfashi, kamar an taka wutsiyar jaki. Kaji suka watse, wani mai keke ya faɗa kwata, tagogi suka buɗe daga farkon layi har ƙarshensa. Kafin ka ce kwabo mutum ya fi talatin a ƙofar gidan, har da wanda Mai Aski ya bari a kujera da rabin kai a aske.

Yaya ya ɗaga murya, "A cire batir! A cire batir!"

"Madalla!" in ji Na-Sani da ihu. "Abin da zan faɗa ke nan! Ina batirin yake?"

"Cikin bonet!"

Suka tsaya suna kallon juna, hon yana ta yi.

Gwaggo ta toshe kunne da gefen ɗankwali ta ce, "Ko motar ma ta gane hannun da ta faɗa, kuka take a zo a cece ta."

Na-Sani ya tokare ƙafa a bamba, ya fizgi hangar da duk ƙarfinsa. Ta fito da wasu siraran wayoyi guda biyu, ja da baƙa, suna reto kamar hanjin kaza. Hon ya yi wani ɗan gurnani ya mutu.

Ya ɗaga su sama ya nuna wa jama'a. "Kun ga? Na kashe shi."

"Har abada?" in ji Yaya.

"Direba na ƙwarai ba ya buƙatar hon. Ka sa kai ta taga ka yi sallama."

Ƙarfe sha ɗaya da rabi. Amarya ta duba inuwar katanga ta ga ta janye har ta bar ƙafafun Gwaggo a rana. Tun ɗazu wani abu ke mata yawo a kai. Ita ce ke zura mazagi a duk wandon da mijinta ya ɗinka, kullum da la'asar, kwando guda. Ta san halin mazagi in ya shige ƙubaka: ba a bin sa da tsinke, ƙara gudu yake. Tattaro ƙubakar ake yi baya, a tattare ta, a tattare ta, sai kan mazagin ya leƙo da kansa. Wayar nan da robarta kuwa, in ba idonta ne ke mata gizo ba, mazagi ne da ƙubaka.

Ta tara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ta, ta fito da kofin ruwa a hannu don ta sami dalilin fitowa. Ta russuna kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Maigida, da an ɗan tattaro robar nan ta ciki…"

"Amarya, Amarya." Ya karɓi ruwan ya shanye, ya juya ga jama'a yana murmushi. "Kun ji iyalina ma ta fara koyo. Zama da maɗaukin kanwa. Koma ciki, rana za ta taɓa ki. Wannan aikin ƙarfe ne, ba tankaɗe ba."

Aka yi dariya. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta koma bayan ƙyaure da kofinta.

"Hanya ta huɗu, ta ƙasa ake bi! A kawo jak!"

Aka ɗaga gaban mota. Na-Sani ya shimfiɗa kwali ya shige da baya, har sai ƙafafunsa kaɗai ake gani, silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi. Muryarsa ta riƙa fitowa daga ƙasa kamar daga rijiya.

"Allahu Akbar! Ga komai nan a fili. Yaya, wa ya sayar maka da motar nan? An cuce ka, akwai ƙarafan da ba su da amfani da yawa a nan."

"Kar ka cire ko ɗaya!"

"Ga ni ga sakatar. Wata 'yar ƙusa ce kawai ta tare ni. Miƙo sifana."

Mai Aski ya miƙa masa yana cewa, "Kowa ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota."

Aka ji ƙit, ƙit, ƙit. Sai aka ji shaaa. Sai aka ji wata irin ƙara da ba a taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ƙafafun suka yi ta harbin iska, silifa ja ta tashi ta faɗa cinyar Gwaggo. Wani ruwa ja mai tsatsa ya gangaro daga ƙarƙashin mota ya nufi kwata.

Na-Sani ya fito yana tofar da yawu, fuska da gemu da riga duk sun rine, allin bayan kunnensa ya narke yana bin wuya.

Gwaggo ta ce, "Bari in fahimta, ɗan nan. Bawan Allah ya zo ƙara ruwa, kai kuma ka zubar da wanda ke ciki."

"Tsohon ruwa ne, Gwaggo. Dubi launinsa. Na yi wa lagireto wankin ciki kyauta."

"Shi ma ya yi maka wankin fuska kyauta. Kun yi canjaras."

Ya tuɓe rigar ya shanya a kan ƙofar mota, ya rage daga shi sai singileti da wando. Yaya ya yi gyaran murya, kawaicinsa ya fara ƙarewa.

"Tela, don girman Allah a kira Makanike. Kar wankin hula ya kai mu dare."

"Yaya, yanzu da na zo gaɓa? Saura ƙiris. In ka kira shi yanzu, shi zai ci suna a kan gumina. Hanya ta biyar: a cire fitila a zura hannu ta raminta."

"Fitilata?"

"Ɗaya kawai. Ai biyu gare ka."

Da sukundireba, da almakashi, da zagin wanda ya ƙera motar, fitilar hagu ta fito. Ya ajiye ta a ƙasa bayansa, ya gargaɗi kowa da kowa kada a taka. Sannan ya ja da baya don ya ƙare wa aikinsa kallo, aka ji ƙarass a ƙarƙashin dugadugansa.

 Mai rabin aski ya yi tari.

"Da ma ta tsage," in ji Na-Sani.

Ya zura hannu ta ramin har kafaɗa, kumatunsa manne da ƙarfe mai zafi. Ya laluba, ya laluba. "Ina taɓa ta da kan yatsa. Wallahi ina taɓa ta. Igiya nake so in yi zarge in kamo ta."

Aka ba shi zaren ɗinki ninki huɗu, ya tsinke. Ya zura tef ɗin awonsa, ya fito da rabi. Aka ce a kwance igiyar shanyar Gwaggo, ta ce duk wanda ya taɓa ta sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

A nan ne Yaya ya zo bakin ƙyaure. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Bai iya kallon ƙanwarsa ba.

"Auta, ki yi haƙuri. Ɗauke jakarki daga mota. Ko an buɗe yanzu ban ga alamar tafiya ba. Zan ce wa Inna wani jiƙon."

Ta gyaɗa kai. Ta zagaya ta bayan jama'a zuwa motar, inda babbar jakar take a kujerar gaba tun safe. Hankalin kowa yana gaban mota, domin Na-Sani ya miƙe yana jawabi.

"Jama'a, igiyar kanti duk ƙarya ce. Igiya ɗaya na yarda da ita a duniya, wadda na tufka da hannuna." Ya sa hannu a ƙugu ya warware, ya zaro mazagin wandonsa fit, ya ɗaga shi sama. "Ninki shida! Wannan ko sa ka ɗaure da shi sai dai ya haƙura."

"Wandon fa?" in ji Mai Aski.

"Ɗinkina ne. Ya san mai shi."

Ya turo ciki gaba, ya matse bakin wandon da gwiwar hannun hagu, ya yi zarge a mazagin ya zura ta ramin fitila. Hanya ta shida ke nan.

Amarya ta buɗe ƙofar direba ta sunkuya kamar mai jawo jaka. Ga baƙar robar nan tana reto a ƙarƙashin sitiyari, bakinta duk ya tattauna da almakashi. Ga filaya a kan tabarma inda ya yar. Ta waiga, ba mai kallonta. Ta kama robar da yatsu biyu ta tura baya. Ta yi tauri, ta fi ƙubaka taurin kai. Ta cije leɓe ta sake turawa, tana tattarewa kaɗan-kaɗan kamar yadda take yi wa wandunan kwando. Sai ga wani ɗan tsinin ƙarfe ya leƙo, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ta ƙara turawa. Ya fito kamar gaɓar yatsa.

A waje Na-Sani yana cewa, "Na zarge ta! Wannan karon ita ce! Ku ƙirga mini uku!"

Jama'a suka ɗauka, har da masu tafi. "Ɗaya!"

Ta damƙe tsinin da filaya.

"Biyu!"

Ta riƙe da hannu biyu, ta tokare ƙafa, ta ce bismillahi a zuci.

"Uku!"

Ƙas!

Bonet ya yi tsalle ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Layin ya kaure da sowa. Na-Sani ya saki mazagi, ya juyo ga jama'a, ya ɗaga hannuwansa biyu sama har ƙarshensu.

"Na faɗa muku ko ban faɗa muku ba?"

Wandon bai san mai shi ba. Ya sulale a hankali, cikin natsuwa, ya taru a idon sawunsa.

Da abin ya tsaya nan, da an yi dariya an watse. Amma gajeren wandon da ke ciki ba na kanti ba ne. Ɗinkin gida ne, an harhaɗa shi da ƙyalle-ƙyalle sun fi kala goma, kowane da faɗin tafin hannu ko fiye. Sowa ta tsaya. Mutane suka fara matsowa suna ƙura ido.

Mai Aski ne ya fara. "Tsaya, tsaya. Wannan shuɗin mai ratsi na cinyar dama, ba yadina ba ne? Wanda ka ce bai isa a yi mini aljihu ba?"

Mai Shago ya ce, "Ga nawa nan ruwan ƙasa! Ka ce jikina ne ya cinye yadin, har na rage cin abinci!"

Mai rabin aski ya zagaya ta baya ya leƙa. "Wallahi ga rigar makarantar 'yata nan. Har da rabin bajon!"

Gwaggo ta taso da kanta, ta gyara tabarau, ta sunkuya. "Juya, ja'iri. Juya na ce. La ilaha illallahu! Atamfata mai tsuntsaye! Wata shida ina zagin ɓera, ashe a kanta kake zama!"

Na-Sani ya sunkuya zai ja wando, ya taka bakinsa, ya tafi taga-taga ya zauna daɓas cikin jan ruwan da ya zubar.

"Talla ce!" ya ce daga ƙasa. "Samfur ne! Don in riƙa tuna yadin kowa!"

"A nan kake tuna mu?" in ji Mai Aski.

Yaya dai bai tsaya kallo ba. Ya zura yatsa ƙarƙashin bonet ya ture ƙaramar sakatar da ta rage, wannan kam ya san ta, ya ɗaga murfin. Aka leƙa. Ga mazagi nan ninki shida ya shaƙe wuyan robar ruwan wanke gilashi, tsakaninsa da sakata ya fi kamu biyu.

Mai Aski ya ce, "To in wannan ka zarge, wa ya buɗe bonet?"

"Girgiza ce," in ji Na-Sani, yana riƙe da wando da hannu biyu. "Ka ja nan, can ya amsa. Ita ce hanya ta bakwai. Ba kowa ake koya wa ba."

Wannan karon ba wanda ya nemi izininsa, Mai Shago ya buga wa Makanike waya. Ya iso a kan babur, ya dubi bonet, ya dubi ramin fitila, ya dubi wayoyin hon, ya daɗe yana duban Na-Sani daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya mayar da ƙusar lagireto ya ɗaure, ya cika ruwa, ya sauke jak. Da ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga wayar a waje da sawun haƙoran filaya a jikinta, ya ce, "Wannan fa? Wa ya zaro ta? Ai da an yi haka tun farko, aikin minti biyu ne."

"Ni na sassauta ta tun da safe," in ji Na-Sani.

Amarya tana tsaye a gefe rungume da jaka, idonta a ƙasa.

Ƙarfe biyu saura minti biyar Yaya ya tayar da mota. Ido ɗaya, ba hon, ga kwano a goshi, amma allurar zafi ta kwanta. Gwaggo ta sa mata albarka ta ce ta gaida Inna da jiki. Na-Sani ya zo bakin taga, ya ɗaure ƙugu da ragowar tef ɗin awo, mutum uku na tsaye a bayansa suna jiran ya gama sallama su ci gaba da maganar yadi.

Ya rage murya. "Kin dai ga aikin mijinki."

"Na gani," in ji ta.

"In Inna ta tambaya, ki tsaya a wajen da bonet ya buɗe. Ba sai kin ƙarasa ba."

"To."

Sun yi nisa, gidaje sun fara ƙarewa, Yaya ya girgiza kai ya ce, "Auta, ni har yanzu abin nan na ɗaure mini kai. Igiya tana gabas, sakata tana yamma. Ta yaya ya buɗe?"

Ta dubi tafin hannunta inda filaya ta bar mata jan layi biyu, ta tura shi cikin mayafi. In ta faɗa wa Yaya, Inna za ta ji. In Inna ta ji, Gwaggo za ta ji a waya kafin magariba, in Gwaggo ta ji kuwa har kajin layin sai sun ji. Mutumin da aka riga aka tuɓe wa wando a gaban jama'a, ba ita za ta ƙarasa masa da singileti ba. Kuma sati biyu kawai za ta yi ta dawo, a ɗakinsa za ta kwana.

"Ikon Allah ne, Yaya," ta ce.

Ta juya fuska wajen taga, ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, kafaɗunta na rawa. Yaya ya ɗauka kukan murnar ganin Inna take, ya ce ta yi haƙuri, kafin magariba sun isa. Ta bar shi a haka, ta ƙudura a ranta ba mai jin wannan magana daga bakinta, ko abin da ke cikinta in ya girma.